Tsarkin Mage da Lafiyar Ɗan Tayi

A gidan Bahaushe mage 'yar gida ce. Tana kwana kan buhun gero, ta tsoma baki a kwanon sha, ba mai zubar da ruwan, don malamai sun daɗe suna karantar da cewa ragowar abin da ta sha mai tsarki ne, har alwala ana yi da shi. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ma da 'yar kyanwa aka yi masa laƙabi, Abu Huraira. Sai ga likita yana ce wa mai juna biyu ta yi nesa da kashin mage. To abin da shari'a ta tsarkake, yaya za a yi ya zama sanadin makantar jariri?

Ƙwayar cutar da likitan ke gudu sunanta Toxoplasma gondii. A 1908 Charles Nicolle da Louis Manceaux suka gano ta a Tunis, a jikin wata 'yar dabba dangin ɓera da ake kira gundi. A 1939 likitoci a New York suka ba da rahoton samun ta a ƙwaƙwalwar wata jaririya da ta rasu, sai wajen 1970 aka gane cewa a hanjin mage da danginta kaɗai take yin ƙwan da ke fita da kashi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya sun taɓa ɗaukarta, yawancinsu ko zazzaɓi ba su ji ba.

Haɗarin yana ga macen da ta fara kamuwa tana da ciki. In cikin ƙarami ne, da wuya ƙwayar ta ƙetare mahaifa, amma in ta ƙetare ɓarnar babba ce: ɓari, ko ruwa ya taru a kan jariri har ya kumbura. In ciki ya tsufa ta fi saurin ƙetarewa, a haifi yaro sumul, a yi suna, a ci rago, sai bayan shekaru ya fara matse ido a gaban allo saboda tabon da ta bari a can bayan idon.

Wanda ya yi karatun zaure zai ce ai ba saɓani. A mazhabar Malikiyya jikin mage da yawunta masu tsarki ne, kashinta kuwa najasa. Can ɗin ne kuma ƙwan yake, ba ya ma iya kama mutum sai ya kwana ɗaya zuwa biyar a ƙasa. Malam da likita sun haɗu ke nan.

Sai dai haɗuwar ba ta yi nisa ba. Tsiren ragon da aka yanka da bisimilla halal ne ba tantama, amma in aka sauke shi cikinsa na ja, ƙwayar na iya zama da ranta a tsokar. Haka latas da kabejin da aka ɗauraye sama-sama. Ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su sauya ba, ana alwala da shi, amma a 1995 ruwan famfo tas-tas ne ya yaɗa cutar a birnin Victoria na Kanada. Tsarki hukunci ne na ibada, yana amsa tambayar ko salla ta yi. Ba a taɓa ɗora masa aikin ɗakin gwaji ba, kuma mai ɗora masa ya tauye fiƙihun ya kuma tauye matarsa.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Jariri mai babban kai, wanda ya kasa zama, a wasu gidajen ɗan ruwa ake ce masa, wai aljanu sun yi musanya. Sai a koma kan uwar: ta fita da almuru, ta yi wanka da dare, ta yi sakaci da addu'a. Alhali ita ba ta ga komai ba, ba ta ji komai ba, wataƙila tsinken naman da maigida ya riƙo mata cikin takarda ne. Wasu kuma su ce ƙaddara, su rufe zancen. Ƙaddara ce, amma Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham juyawa ya yi da mutanensa, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take.

Faransa tun 1992 take gwada jinin mai cikin da ba ta taɓa kamuwa ba duk wata, in ta kamu a soma mata spiramycin. Inda gwajin ya yi tsada, abin da ya rage na hannun mutanen gida ne. Magen ta ci gaba da kwana kan buhunta. Wani ya karɓi tsintsiya ya kwashe kashin kullum kafin ya kwana, a tafasa ruwan sha, a ce wa mai tsire ya ƙara juya na uwargida.