Kyanwar Da Ba Ta Da Mai Ita, Haƙƙin Wa Ce?

Mai karatu, yau bari mu ɗan huta da zancen 'yan fim da marubuta, mu yi zancen kyanwa. Kar ka yi dariya tukuna.

Cikin hunturun da ya wuce wata mage ta shigo gidanmu. Ba ta da mai ita, a lungunmu take gararamba, yau ta kwana a soron wannan, gobe yara su bi ta da jifa a bola. Uwargidana ce ta fara zuba mata guntun tuwo da ƙayar kifi a murfin kwano. Kafin sati ta mai da gidan nata. Ashe ciki gare ta. Wata safiya muka iske ta a bayan buhun gawayi da 'ya'ya huɗu, ko ido ba su buɗe ba.

Nan fa aka shiga shawara. Maƙwabcina ya ce, "Malam, ai abin mai sauƙi ne. A zuba 'ya'yan a buhu, a ba yaro ɗan wani abu ya kai su bakin kasuwa ya juye. Allah ne mai ciyarwa." Kowa ya san haka aka saba yi, kuma ni ma raina ya so hakan. Amma na kwana ina tambayar kaina: wanda ya ba dabba abinci har ta saba da shi, alheri ya yi ya wuce, ko kuwa amana ya ɗauka?

Hujjar maƙwabcin nawa ba ta banza ba ce. Ba ni na kira ta ba. Ga tsadar abinci, ga mutane na kwana da yunwa, sannan a ce mutum ya damu da kyanwa? Na yarda mutum ya fi kyanwa. Sai dai babu wanda ya ce in ciyar da magen garin nan kaf. Waɗannan biyar ɗin ne kawai a hannuna, kuma mu muka miƙa murfin kwanon da ya sa uwar ta amince ta haihu a gidanmu.

Da na kawo masa hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba, sai ya ce, "To ai mu sakin su za mu yi!" A nan ne nake ganin muke yaudarar kanmu. Amfanin sakin shi ne dabbar ta iya ci da kanta. Ɗan kyanwa kuwa sai ya yi kamar kwana 10 kafin ya buɗe ido, kuma sai wajen sati 8 yake iya rabuwa da nonon uwarsa. Wanda ya juye shi a bola yana kwana 3 bai sake shi ba. Yunwar da ta kashe waccan kyanwar ita za ta kashe shi. Bambancin kawai, matar tana jin kukan, mu kuwa mun biya an kai kukan inda ba za mu ji ba.

Ina ganin finafinanmu da littattafanmu ma suna da nasu kason. Sau da yawa in aka nuno kyanwa, musamman baƙa, sai ka ji kiɗan tsoro, ka san mayya ce ta rikiɗa. Yaron da ya tashi da wannan, me zai hana shi ɗaukar dutse? Alhali sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, Abu Huraira, saboda 'yar kyanwar da yake yawo da ita ya samu wannan laƙabi. A 2016 wata 'yar Turkiyya, Ceyda Torun, ta yi fim mai suna Kedi, ta bi magen titi bakwai a birnin Santambul. Ba su da mai su, amma masu shago da maƙwabta sun ɗauki nauyinsu. Ta kowa ce, don haka kowa ya kula. Mu kuwa ta kowa ce, don haka kowa ya kau da kai.

Ga yadda muka ƙare. Mun haƙura har sati 8, duk da ɓarnar da suke yi. Ɗaya ya mutu tun a satin farko. Wani mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau, wanda ɓeraye suka addaba, ya karɓi biyu. Wata tsohuwa mai zaman kaɗaici ta karɓi ɗaya. Wani yaro ya zo nema, na tambaye shi me zai yi da ita, ya ce igiya zai ɗaura mata su riƙa ja. Na hana shi, don rabuwa da kaya daban, sama wa rai gida daban. Uwar ta zauna wurinmu. Na kai ta wurin likitan dabbobi aka yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, aka kuma yi mata aikin tsai da haihuwa, tunda cikin kyanwa sati 9 ne kacal, tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara.

Ban ce dole kowa ya ajiye kyanwa ba. In ba ka so, kar ka ja ta a jiki. Amma in har ta saba da kwanonka, to kar buhu ya zama sallamarku. Nemo mata wani kwanon kafin ka ɗauke naka.