Al'ul Mai Ruku'u

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga wanda ya fitar da ɗanyen tsiro daga busasshiyar ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa, a kan duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya akwai bishiyar da Larabawa ke kira arzu, mu kuma al'ul. Ganyenta gajeru ne kamar allura, suna fitowa curi-curi a jikin reshe, kuma ba ta kaɗe su, ko da sanyi ko da zafi. Tana tsiro a tuddan da suka haura mita 1,300, inda dusar ƙanƙara ke sauka, tsayinta kan kai mita 35. Wanda Allah ya nufa da ziyarar Fas, ya shiga makarantar Attarin da aka gina tsakanin 1323 da 1325, ya ɗaga kai, to sassaƙaƙƙen katakon da ya gani nata ne. Dazukanta na nan kudu da birnin, wajen Ifran da Azru, sai dai fari da sara da kiwo sun ci su, har a 2013 aka sanya ta cikin bishiyoyin da ake tsoron ƙarewarsu.

Sunanta ya zo a hadisi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kamanta mumini da ɗanyen tsiro da iska ke karkatarwa ya sake miƙewa, munafuki kuma da arzu, wadda ba ta lanƙwasa har ranar da za a tumɓuke ta gaba ɗaya. Misali aka buga da tsayuwarta, ita kanta ba ta da laifi. Amma tun ina ɗalibi siffar da ta zauna mini ke nan: bishiyar da ba ta san sunkuyawa ba.

To, dubi ikon Allah. A ƙarshen ƙarni na 19, a garin Shatene-Malabri da ke kudu da Paris, aka sami wata al'ul ɗaya mai shuɗin ganye wadda ta saɓa wa danginta. Rassanta suka ƙi yin sama, suka bazu gefe, ƙananan rassa kuma suka zubo ƙasa kamar labule. Har yau tana raye a lambun bishiyoyi na garin, inuwarta ta rufe fili fiye da murabba'in mita 600, an kafa mata ginshiƙai suna tallafe da manyan rassanta. Turawa sun ce mai zubar da hawaye ce. Ni kuwa ban ga baƙin ciki a jikinta ba, ruku'u na gani, kuma Alƙur'ani ya sanar da mu a Suratur Rahman da Suratul Hajji cewa bishiyoyi na cikin masu yi wa Ubangiji sujada.

Babu wanda ya koya mata wannan. Mai lambu tsinta ya yi, aikinsa kawai ya riƙe amana. Idan ka shuka irinta, ba a dogara da cewa abin da zai fito zai gaji sunkuyawar. Don haka aure ake yi mata, kamar yadda manomanmu ke yi wa mangwaro: a yanko ɗan reshe, a fere shi, a manna a jikin ƙaramar al'ul ta gama-gari, a ɗaure har su haɗe. Da haka reshen uwa ɗaya ya watsu a lambunan Turai da Amurka.

Mai son ta ƙawata masa fili, abu na farko da zai ba ta shi ne wuri. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gan ta 'yar siririya a tukunya, a maƙale ta kusa da bango, bayan shekara 15 a zo da zarto. Wannan zalunci ne ga bishiya da kuma idon mai kallo, domin kyanta a faɗinta yake. A dasa ta ita kaɗai, inda rana ke dukanta yini guda, a ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, gama saiwarta ba ta jure jiƙa mai tsawo. A yi mata ban ruwa a shekarun farko. In ta kama, tana haƙuri da fari. Ƙasar sanyi take so, zafin Kano ko Damagaram ba nata ba ne.

Sai maganar sanda, wadda ita ce ta fi ɗaukar hankalina. In an bar ta, rarrafe za ta yi a ƙasa. Mai lambu ne zai kafa sanda, ya ɗaure kan bishiyar da tsumma mai laushi, kowace shekara ya ƙara ɗauri a sama, ya sassauta na ƙasa don kada ya shaƙe ɓawon. Inda sanda ta tsaya, nan tsayinta ya tsaya, daga nan sai ta sunkuyo. Wasu kan bi da ita kan ƙofar lambu ta zama rumfa, wasu su lanƙwasa ta kamar tafiyar maciji. Ba ta da gaggawa, abin da take ƙarawa a shekara bai cika wuce kamu ɗaya ba.

In ka matsa kusa ka murza ganyen da yatsa, shuɗin zai goge, kore ya bayyana a ƙarƙashi. Wani siririn kaki ne Allah ya lulluɓe ganyen da shi, yana rage masa asarar ruwa da ƙunar rana a can kan dutse. Shi ya sa masu lambu ba sa fesa mata maganin ƙwari mai maiƙo, domin yana wanke kakin, sai sabon ganye ya fito sannan shuɗin ya dawo.