Jinin Shugaba Da Hannun Samari

 

Ya ku samarin Dayi, ku tambayi dattawanku ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976. Ana cikin rani, an gama cirar auduga, sai ga muryar Laftanar Kanar Buka Suka Dimka a rediyo yana cewa an kifar da gwamnati. Ashe tun da safe an tare motar Janar Murtala Muhammed a cunkoson Ikko, yana kan hanyarsa ta zuwa Barikin Dodan, aka buɗe mata wuta. Aka kashe shi, shi da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa. Shekararsa 37, mulkinsa bai kai wata bakwai ba. A Kano aka rufe shi.

Ƙasa ta girgiza. Mutumin da bai taɓa ganin Murtala ba sai a jarida ya zub da hawaye. Shin wannan laifi ne? A'a. Hawaye rahama ne, Annabi (S.A.W.) kansa ya yi hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da aka hana shi ne kururuwa, da yaga riga, da marin fuska. Zaman makoki kwana uku ne, in ba matar mamaci ba, ita ce ke takaba wata huɗu da kwana goma.

Tir da kisan kuwa wajibi ne. Ku duba Suratun Nisa'i, aya ta 93, ku ga narkon da aka tanadar wa mai kashe mumini da gangan. Kada wani ya ce ai shi ma Murtala da juyin mulki ya hau a Yulin 1975. Haka ne, ba mu ɓoye ba. To, yaushe wannan ya halatta jininsa a bakin titi, ba alƙali ba shaida?

Amma ga inda nake so ku buɗe kunnuwa da kyau, don ku ake nema in rana ta ɓaci. Ba tsoho mai sanda ake tura wa kasuwa da gora ba, saurayi ake turawa.

Shekara goma kafin wannan, a Janairun 1966, aka kashe Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna, aka kashe Abubakar Tafawa Ɓalewa. Baƙin cikin gaskiya ne. Sai dai da watan Mayu ya zo, fushi ya faɗa kan 'yan kabilar Ibo mazauna garuruwan Arewa, har nan Funtuwa kusa da mu. Mai shago da bai san hanyar bariki ba, aka kama shi da laifin masu bindiga. Daga nan aka gangara har yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Jama'a, wa wannan ya dawo da shi daga kabari?

Sayyidina Ali (R.A.), da Ibn Muljam ya sare shi a Kufa shekara ta 40 bayan Hijira, yana kwance cikin jini ya yi wasiyya kada a taɓa kowa sai wanda ya sare shi, kuma kada a yi wa gawarsa wulaƙanci. Shi ke da ciwon, shi ya faɗi haka! Kai kuwa da ka ji labari a majalisar mai shayi, wa ya naɗa ka alƙali?

A 1976 hukuma ce ta kama Dimka, kotun soja ta yanke masa hukunci, aka harbe shi ranar 15 ga Mayu. Ana iya yin magana a kan yadda shari'ar ta gudana, amma ƙasar ba ta sake faɗawa yaƙi ba.

Allah Ya jiƙan Murtala, Ya jiƙan Sardauna da Abubakar, Ya gafarta musu kurakuransu. Mu kuma Ya tsare hannuwanmu daga jinin bayinSa. Amin.