Tawakkali da kujerar katako: haƙƙin yaron da gaɓɓansa suka sandare

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

A Jiratawa da Tibiri da unguwannin Maradi ba a rasa gidan da aka shimfiɗe yaro ɗan shekara 4 ko 5 a tabarma, wuyansa bai tsaya ba, ƙafafunsa sun harɗe. Akwai irinsa cikin ƴan gudun hijirar da suka ƙetaro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, waɗanda aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau, kamar yadda ake samunsa a sansanonin Rohingya na Bangaladash, inda fiye da mutum 700,000 suka fake a 2017. Wasu kan ce ɗan ruwa ne, aljanu suka yi musaya. Likitoci kuwa sun bayyana cewa rauni ne da ya sami ƙwaƙwalwa tun tana ɗanya, ta dalilin doguwar naƙuda, ko shawarar jarirai, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa kai. Ba a ɗaukarsa, kuma raunin ba ya warkewa.

A nan tambaya take tasowa ga muridi. Tunda Allah ne Ya ƙaddara, kuma waraka ba ta samuwa, shin jigilar yaro zuwa gashin ƙashi da neman masa kujera ba jayayya da hukunci ba ne? Shin ba yarda da ƙaddara ce ta fi dacewa da mai neman kusanci ba?

Imamu Gazali, a babin tawakkali na Ihya'u, ya kasa sababai gida uku: tabbatacce kamar ruwa ga mai ƙishi, da wanda ake kyautata zaton amfaninsa kamar magani, da na wahami. Barin na farko haramun ne idan ana tsoron halaka, riƙon na biyu kuma ba ya warware tawakkali. Motsa gaɓɓan yaro yana cikin na biyu. Gaɓar da aka bari a lanƙwashe jijiyarta takan gajarce har ta ƙi miƙewa. Yaron da ake ciyarwa a kwance yakan ƙware, abinci ya gangara huhu. Wanda ba a juyawa bayansa yakan yi gyambo. Raunin ƙwaƙwalwa hukunci ne wanda ya riga ya zartu, amma waɗannan ukun sakaci ne ke kawo su.

Wani zai kawo hujja da baiwar Allah mai farfaɗiya, wadda Annabi (SAW) ya ba zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri mai sakamakon Aljanna, ta zaɓi haƙuri. Sai a lura da abu biyu. Ita baliga ce, a kan jikinta ta yi zaɓi. Yaro amana ne, kuma ba a yin zuhudu da haƙƙin wani. Na biyu, duk da haƙurinta ta roƙi a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa yayewa, aka kuwa yi mata. Ke nan sutura da mutunci abin nema ne ko da cuta ta zauna. Kujerar kusurwa da ke tallafe bayan yaro ya ga fuskar mahaifiyarsa, da katakon tsayuwa, da takalmin gyaran ƙafa, duk daga wannan babi suke.

Yarda aikin zuciya ce, hidima aikin gaɓɓai. Zuciya ta miƙa wuya ga abin da ba ya canzawa, hannu ya tashi ga abin da aka ɗora masa. Uwar da ke miƙe ƙafar ɗanta safe da yamma, shekara da shekaru, ba tare da alkawarin zai yi tafiya ba, ta riƙi sababi kuma ta bar sakamako ga Mai shi. Wannan shi ne tawakkalin da shehunai ke tarbiyya a kansa.

Nauyin bai tsaya kan uwa ba. Asibitin Danja, wanda ya daɗe yana kula da masu kuturta, yana nan kusa, asibitin yara na CURE kuma yana Yamai tun 2010, amma kuɗin mota kaɗai kan hana talaka zuwa. A kowace zawiya akwai kafinta da mai walda da tela da mai babur. Idan ma'aikacin gashi ya auna yaro ya ba da ƙira, kujerar ba ta fi ƙarfin ƴan'uwa ba. Da'irar da ke haɗuwa kullum don wazifa tana iya tambaya: a cikin maƙwabta da baƙin da suka yi hijira, yaron wa ke kwance a ɗaka ana ɓoye shi?

Allah Ya ba iyayen waɗannan yara juriya, Ya sanya hidimarsu a mizani, Ya buɗe zukatan ƴan'uwa gare su, albarkar Annabi (SAW). Amin.