Tazarar da ke Tsakanin Katangu Biyu

Wanda ya hau keke daga Kasuwar Monday ta Maiduguri zuwa Dala ba zai ji a jikinsa inda ya fita daga wata ƙaramar hukuma ya shiga wata ba. Yashin ɗaya ne, inuwar dogon yaro ɗaya ce. Amma a takarda, Dala Lawanti mazaɓa ce ta Jere, ƙaramar hukumar da aka yanko daga Maiduguri a 1996, ta kusa zagaye birnin kamar zobe a yatsa. Hedikwatarta na Khaddamari, can arewa maso gabas, don haka mutumin Dala sai ya ratsa birni kafin ya isa ofishin hukumarsa.

Manyan hanyoyin gari kowa ya san su: ta Damaturu zuwa Kano, ta Damboa zuwa Biu, ta Bama, ta Dikwa zuwa Gamboru, ta Baga. Waɗannan gwamnati ce ta shimfiɗa. Abin lura yana cikin ƙananan layukan unguwa, waɗanda ba su da kwalta, wasu ko suna ba su da shi.

Yaya layi yake samuwa? Gonar gero ce a bakin gari, jama'a ta ƙaru, aka yanka ta filaye. Bulama, wato mai unguwa, ya tsaya shaida, aka ja igiya, aka kafa turaku. Wannan ya ja da baya, na gabansa ma ya ja da baya. Abin da ya rage a tsakani shi ne layi. Ba wanda ya sa masa bulo ko ɗaya. Kowa dai ya haƙura ne da 'yan taku na ƙasar da idonsa ke kai.

Daga nan ne ake fara cin layin, kuma ba a rana ɗaya ba. Magini ya zo haƙa tushe, mai gida ya ce, "Malam, ɗan matso da igiyar, taku ɗaya ne kawai." Maƙwabci ya gani ya yi shiru, don shi ma yana da niyyar fitar da dakali. Wani ya haƙa masai a waje, wani ya kafa rumfar shago. Tun da aka hana babura a 2011 keke napep ne ƙafar talaka a Maiduguri, ga shi a wani layin keke biyu ba sa giftawa, sai ɗaya ya koma da baya. Mai kurar ruwa kuwa sai ya karkata jarkokinsa suna gogar bango.

Ruwan sama ba a roƙonsa ya ɗan matsa. Allah Ya halicce shi mai neman gangare, ƙasar Maiduguri kuma shimfiɗaɗɗiya ce, gangarenta kaɗan. A watan Agusta, idan ya zo ya tarar an toshe inda ya saba bi, sai ya kwanta a gindin katangar da ta tare shi, ya jiƙa ta har ta fara zubar da gishiri, ya shiga zauren mai ita.

Haka zama da mutane yake. Tsakanin miji da mata, tsakanin wa da ƙane, akwai wani fili da ba na kowa ba: maganar da aka haɗiye, haƙƙin da aka yafe, bashin da ba a tuna wa mutum a gaban jama'a. Ta nan zumunci yake wucewa. Kowa ya ce nasa taku ɗaya ne, har ranar da aka nemi hanyar zuwa ga juna aka tarar da bango. Ba mamaki shari'a ta yanke kamu bakwai ga hanya idan maƙwabta suka saɓa a kanta.

Ran da aka yi rasuwa a irin wannan layi, masu ɗaukar makara ba sa iya jerawa kafaɗa da kafaɗa. Sai na gaba su sassauta, na baya su karkata, a zagaye dakali, a tsallake bakin masai, mai gidan da ya matso da igiya yana cikin masu riƙo.