Shin Ya Halatta Maigida Ya Yi Wa Ma'aikacinsa Ƙarya Don Ya Gwada Shi?

A tsakiyar watan Disamba na 2020, ɗaruruwan ma'aikatan GoDaddy, wani kamfani a jihar Arizona ta Amurka da ke sayar da adireshin shafukan intanet yana kuma ba shafukan masauki a manyan kwamfutocinsa, suka wayi gari da saƙon imel mai daɗin ji. Saƙon ya fito ne daga adireshi mai ɗauke da sunan kamfanin, yana yi musu albishir cewa tunda annobar korona ta hana a yi walimar ƙarshen shekara, za a ba kowa kyautar dala 650, abin da ake buƙata kawai shi ne a cike wani ɗan fom. Bayan kwana biyu sai kimanin mutum 500 suka sami saƙo na biyu: babu wata kyauta, jarrabawa ce aka shirya don a ga wa zai faɗa tarkon 'yan damfara, sun kuma faɗi, sai su koma ɗaukar darasin tsaro. Wannan ya faru ne a shekarar da kamfanin ya sanar da cewa masu hulɗa da shi sun haura miliyan 20, kuma a cikinta ne ya sallami wasu ma'aikata ya sauya wa wasu wurin aiki. Da labarin ya fita jaridu aka yi ca a kansa, kamfanin ya nemi afuwa. Neman afuwar bai warware tambayar da ke ƙasan lamarin ba, domin tambaya ce ta addini da tunani kafin ta zama ta tsarin ofis: ina iyakar abin da maigida zai yi da yardar da ma'aikacinsa ya ba shi?

Adalci ya sa a fara da uzurin kamfanin, kuma uzuri ne mai nauyi. Kamfanin da ke ba shafuka masauki ma'aji ne. Shagon wata mai sayar da tufafi, jaridar wani gari, asusun imel na wani asibiti, duk suna zaune ne a hannunsa, kuma ma'aikacin da ke amsa waya a sashen taimakon abokan ciniki yana iya riƙe da ikon sauya adireshin da shafi ke nunawa. Ɓarawon zamani ya gane cewa lallaɓar wannan ma'aikaci ta fi fasa katangar kwamfuta sauƙi. Wata ɗaya kacal kafin saƙon kyautar, a Nuwamba 2020, 'yan kutse sun yaudari wasu ma'aikatan GoDaddy ɗin har suka sami damar taɓa adireshin shafukan Liquid da NiceHash, kamfanoni biyu na hada-hadar kuɗin intanet. Girma cikin gaggawa yana ƙara faɗaɗa wannan ƙofa: kamfanin da Bob Parsons ya kafa a 1997 ya zama mai dubban ma'aikata a ƙasashe daban-daban, sababbi na shigowa, ba kowa ya san muryar kowa ba, a shekarar korona kuma akasari daga gida suke aiki. Wanda aka damƙa wa dukiyar jama'a, ya kuma ga an shigo masa ta hannun yaransa, ba za a zarge shi ba don ya nemi sanin ko a farke suke.

Shi gwaji a kan kansa Musulunci bai ƙi shi ba. Suratun Nisa'i ta umarci waliyyan marayu su jarraba hankalinsu kafin su miƙa musu dukiyarsu, Suratul Baƙara kuma ta ba da labarin Ɗalutu da ya jarraba rundunarsa da wani kogi. Amma a duba yadda waɗannan jarrabawa suke. Ɗalutu ya faɗa wa mutanensa tun kafin su isa ruwan cewa gwaji ne, ya bayyana musu sharaɗinsa. Shi kuma maraya, malaman tafsiri sun ce ana sa shi ne cikin ɗan ciniki ko kula da hidimar gida a ga yadda zai sarrafa. Babu inda aka ce a yi masa alkawarin abin da ba za a ba shi ba. Matsayin da nake karewa shi ne wannan: maigida yana da haƙƙin gwada ma'aikaci, har ma ya kwaikwayi dabarar ɓarawo idan an yi yarjejeniya a kan haka tun farko, amma ba shi da haƙƙin mayar da alkawarinsa na kansa da buƙatar ma'aikacin su zama abin ɗana tarko. Na farko horo ne. Na biyu ƙarya ce, ko da niyyar mai yin ta ta yi kyau.

Hujja mafi kusa da wannan mas'ala tana cikin Sunan na Abu Dawuda, a ruwayar Abdullahi ɗan Amir. Yana yaro, mahaifiyarsa ta kira shi tana cewa ya zo ta ba shi wani abu, Manzon Allah (SAW) kuwa yana zaune a gidan. Sai ya tambaye ta abin da ta yi nufin ba yaron, ta ce dabino. Ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Duk uzurin da kamfani zai kawo yana wurin wannan uwa, har da ƙari. Ita ce ta fi kowa son yaron, tana da iko a kansa, abin da take so shi ne ya matso kusa da ita, kuma ƙwayar dabino ba wata dukiya ba ce. Duk da haka aka nuna mata cewa jawo mutum da alkawarin kyauta alhali babu niyyar bayarwa ƙarya ce da ake rubutawa. Idan ba a yi wa uwa rangwame a kan ɗan cikinta saboda dabino ba, da wace fuska za a yi wa kamfani rangwame a kan magidanta da ke lissafin kuɗin haya da na magani a tsakiyar annoba, saboda dala 650?

Masu kare irin wannan gwaji suna da martani mai ƙarfi. Suna cewa ɗan damfara ba ya tausayin kowa, kuma da irin wannan albishir ɗin yake zuwa. Gwajin da bai yi kama da harin gaske ba wasan yara ne. Mai ilimin addini a cikinsu zai ƙara da cewa shari'a ta yarda da dabara a yaƙi, kuma Annabi Sulaimanu (AS), a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, ya nemi a kawo wuƙa ya raba jariri tsakanin mata biyu da ke jayayya a kansa, alhali ba nufinsa ke nan ba. Sai dai duka misalan biyu ba su zauna a inda aka ajiye su ba. Dabarar yaƙi a kan abokin gaba ake yin ta, kuma Imam Nawawi ya bayyana a sharhinsa na Sahihu Muslim cewa halaccinta yana tsayawa ne inda za ta kai ga warware alkawari ko amana. Ma'aikaci ba abokin gaba ba ne, mutum ne da ke cikin alkawari da kai. Shi kuma Annabi Sulaimanu alƙali ne da ke gaban ƙarar da lalle ɗaya daga cikin matan ba a kan gaskiya take ba, babu shaida, makomar yaro tana rataye, kuma dabarar ta ƙare ne da mayar wa mai gaskiya haƙƙinta. A ofishin kamfanin masaukin shafuka babu wanda aka tuhuma da komai, kuma wanda ya gaskata maigidansa shi ne ya fita da kunya.

Imam Gazali ya shimfiɗa ma'auni a Ihya'u Ulumiddin wanda ya dace a ɗora wannan lamari a kansa: duk manufa ta alheri da za a iya cimma da gaskiya, yin ƙarya dominta haramun ne, ƙofar rangwame ba ta buɗewa sai inda babu wata hanya. To shin babu wata hanyar? A nan ilimin tsaron kwamfuta da kansa ya ba da amsa. Masu bincike na jami'ar ETH da ke Zurich sun bi ma'aikata sama da 14,000 na wani babban kamfani tsawon wata 15, suka gano cewa darasin da ake nuna wa mutum bayan ya faɗa tarkon gwaji bai sa ya fi iya kauce wa na gaba ba. Abin da ya yi amfani shi ne ba ma'aikata hanya mai sauƙi ta kai rahoton saƙon da suke zargi. Wani binciken a asibitocin Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, kan ma'aikata kusan 19,500 cikin wata takwas, ya nuna cewa bambancin da irin wannan horo ya kawo bai kai kashi 2 cikin 100 ba. A ɗaya ɓangaren, Google ya wajabta wa ma'aikatansa sama da 85,000 amfani da ɗan makullin tsaro na hannu tun farkon 2017, ya kuma sanar a shekarar da ta biyo baya cewa bai tabbatar da an ƙwace asusun aiki na ko mutum ɗaya ba tun daga lokacin. Hanyar gaskiya tana nan, ta ma fi aiki. Da wannan, hujjar larura ta rushe, abin da ya rage shi ne ƙarya mai arha da aka zaɓa saboda ta fi gyaran tsari sauƙi.

Akwai martani na biyu: ai ma'aikaci ya sa hannu a takardar ɗaukar aiki da ta ce za a riƙa yi masa gwajin tsaro, kuma ko sisinsa bai ɓata ba. Gaskiya ne yarjejeniya tana sauya hukunci. Wanda aka ce masa za a riƙa aiko masa da saƙonnin da suka yi kama da na banki ko na kamfanin kai kaya, ya yarda, ba a yaudare shi ba idan suka zo, kamar yadda mai koyon kare kai ba ya ƙarar malaminsa don ya kai masa naushi. Amma yarda da a kwaikwayi baƙo daban take da yarda da maigida ya yi magana da bakinsa a kan albashi da ihisani sannan ya ce wasa yake. A nan ya kamata a tambaya: me aka gwada? Ɗan kasuwar da ke barin kuɗi a kan teburi don ya ga ko sabon yaron shagonsa zai ɗauka yana gwada amana ne, wanda ya ɗauka kuwa ya yi sata. Su waɗannan mutum 500 ba su ɗauki abin kowa ba. Laifinsu shi ne sun ga saƙo da sunan kamfaninsu, suka ɗauka kamfanin mai cika alkawari ne. Fiƙihun ijara yana ɗaukar ma'aikacin da aka keɓe wa aiki a matsayin amintacce, ba a ɗora masa asara sai da sakaci ko ƙetare iyaka. Gaskata maigida ba sakaci ba ne. Batun cewa ba a rasa komai ba kuwa, wanda ya kwana biyu yana tsara yadda zai biya bashi, ko ya yi wa iyalinsa albishir, ya san abin da ya rasa.

Wani zai ce ana auna kamfanin Amurka da ma'aunin da bai yi imani da shi ba. To a auna shi da na gidansu. Immanuel Kant ya kafa a 1785 cewa ba a mayar da ɗan Adam kayan aiki zalla don cimma wata manufa, misalin da ya kawo kuwa shi ne alkawarin ƙarya: wanda aka yi wa shi ba zai taɓa iya yarda da yadda aka sarrafa shi ba, domin da ya sani da dabarar ba ta ci ba. Shi ya sa fushin jama'a ya zo iri ɗaya a wurare mabambanta. Ma'aikatan kamfanin jaridu na Tribune Publishing a Amurka sun fusata a Satumba 2020 kan saƙon kyautar bogi, haka ma ma'aikata kusan 2,500 na kamfanin jirgin ƙasa na West Midlands Trains a Ingila a 2021, waɗanda aka yi wa albishir na ladan wahalar korona sannan aka ce gwaji ne. Babu wanda ya buƙaci fatawa kafin ya ji an taɓa mutuncinsa. Abin da wahayi ya hana a nan, lafiyayyen hankali ma ya ƙi shi.

Illar da ta fi girma tana komawa kan tsaron da aka ce ana nema. Abu Dawuda ya ruwaito daga Mu'awiya gargaɗin Manzon Allah (SAW) cewa mai bibiyar kurakuran mutane lalata su yake yi ko ya kusa. A kamfanin masaukin shafuka wannan zance ne na zahiri. Idan ma'aikaci ya yi kuskure ya miƙa kalmar sirrinsa ga ɗan damfara na gaske, abin da zai ceci dubban shafuka shi ne ya ɗaga waya nan take ya ce ya yi kuskure. Wanda aka taɓa kunyatawa zai yi jinkiri, ya yi fatan abin ya wuce shiru, a cikin wannan jinkirin ne kuma ɓarawo ke gama aikinsa. Kamfanoni masu saurin girma suna son kiran kansu iyali ɗaya, suna raba riguna masu tambari, suna rubuta gaskiya da riƙon amana a bangon ofis. Amma ma'aikaci ba ya koyon ɗabi'ar kamfani daga bango, daga abin da aka yi masa yake koyonta.

Saboda haka hukuncin bai da wuyar fayyacewa. A sanar da ma'aikata cewa akwai gwaji da irin siffarsa. A nisanci albashi, ihisani, rashin lafiya, mutuwa da sallama daga aiki a matsayin abin jan hankali. A saka wa wanda ya kai rahoto, kada a tozarta wanda ya faɗi. A kashe kuɗi wajen gina tsarin da kuskuren mutum ɗaya ba zai buɗe dukkan ƙofofi ba. Idan kuwa an riga an furta alkawarin kyauta da sunan kamfani, mafita mafi tsabta ita ce a biya ta. Maigida da ke neman ma'aikaci ya riƙe masa amanar abokan cinikinsa, shi ne na farko da ya wajaba ya riƙe amanar maganarsa ga ma'aikacin.