Mafarki da Zargin Maita

'Yan'uwa cikin Kristi, sau da yawa mukan ji wani ya tashi da asuba yana zargin surukarsa da maita, wai ta bi shi da wuƙa cikin mafarki. A shekarar 1899 Sigmund Freud, wani likita a Ostiriya, ya rubuta cewa mafarki buri ne da zuciya ta ɓoye. Ba mu yarda da dukan koyarwarsa ba, gama Allah ya yi wa Yusufu mijin Maryamu magana cikin mafarki. Amma Littafin Sirak, sura 34, ya gargaɗe mu kada mu dogara ga mafarkai. Wuƙar nan, wataƙila fushin da muka kwana da shi ne. Tsohuwar kuwa tana ɗakinta tana barci.